Tubalan Roba da Hannun Yayana

Shekara ashirin da ƴan kai ina sayar da kayan gyaran babur a kasuwar Tanut. Karatuna bai wuce aji shida ba, amma sana'a ta koya mini abu ɗaya, na kuma riƙe shi gam: kowane ƙarfe da lambarsa. In mutum ya zo ya ce, "Ba ni irin abin nan na wajen nan," sai in ce ya koma ya kwanto tsohon in karanta. Da haka aka san ni da tsauri, da haka kuma ba a cika dawo mini da kaya ba.

Yayana magini ne a Gangara. Wata bazara ana cikin kwaɓa ƙasa ya yanke jiki ya faɗi. Aka kai shi Damagaram, aka dawo da shi ɓarin dama a shanye, baki a karkace. Magana ta tafi, sai kalma biyu suka rage masa: "a'a" da "madalla". Na sauke shi da matarsa a gidana, don ya fi kusa da likita.

Lokotoro, wato likitan da ya duba shi, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙafa tana iya dawowa da kanta, hannu kuwa sai an sa shi aiki kullum. In aka bar shi wata biyu ko uku zai dunƙule, in ya dunƙule kuma shi ke nan. Ya ce a riƙa ba shi ƙananan abubuwa yana ɗauka yana ajiyewa. Muka gwada gyaɗa, muka gwada tsakuwa. Yaya ya kawar da kai. Mutumin da yake saɓa azara shi kaɗai ba zai zauna yana tsintar tsakuwa kamar mai ƴar carafke ba.

Ana haka maƙwabcina a kasuwa, mai gwanjo, ya kwance dila ya tsinci wata jaka a tsakanin riguna. Tubalan roba ne na wasan yara, ja da shuɗi da rawaya da toka-toka, kowane da ƴan haƙora a kansa da ramuka a ƙasansa. Ya ce in kai gida ko wani zai so. Na zube su a tabarmar Yaya ba da wata fata ba. Ya daɗe yana kallo. Can ya ɗauki biyu da hagu ya ɗora ɗaya kan ɗaya. Sai ya kamo hannunsa na dama da na hagu, ya aza shi a kai, ya danna da nauyin jikinsa. Suka ce ƙas, suka kama juna.

"Madalla," in ji shi.

Matarsa ta ba shi faranti ya zama fili. Sati uku yana gini a kai. Satin farko da gindin tafi yake dannawa. Sati na biyu babban yatsa ya fara motsi. A na uku na gan shi da idona ya ɗauki tubali da yatsa biyu na hannun dama, ya suɓuce, ya sake, ya suɓuce, a karo na huɗu ya kai shi wurinsa. Jeri ɗaya yakan ci masa daga hantsi zuwa azahar, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ɗaki ne mai kusurwa huɗu, kowane tubali ya hau kan gaɓar biyu na ƙasansa kamar yadda ake ɗaurin gini na gaske. Launi kam bai dame shi ba, ja kusa da shuɗi, shuɗi kusa da rawaya. Ni wannan ya dame ni.

Da bango ya kai kan ƙofa sai aiki ya tsaya. Yana bukatar dogo guda da zai gitta a kan ƙofar, babu shi a jakar. Ya yi ta tone tarin yana cewa, "A'a, a'a." Ya kama rigata ya nuna mini giɓin.

Wannan aikina ne, in ji ni a raina. Na sa gilashin karatu, na juya tubali ɗaya, na haska shi da fitilar salula. Ga lamba nan a cikin ramin, ƙarama kamar ƙwan kwarkwata. Washegari a shago, inda rezo, wato layin waya, ya fi ƙarfi, na buga ta a intanet. Sai ga katalog, jerin kayan kamfanin da yake yin tubalan, ya buɗe.

Ban taɓa ganin tsari irin wannan ba. Tubala masu kauri a sashensu, masu faɗi marasa kauri a nasu, masu gangara, masu lanƙwasa, tagogi, ƙafafun mota. Kowane da hotonsa, da lambarsa, da yawan haƙoransa a faɗi da tsawo, da launukan da aka taɓa yin sa. Ɗan Faransancina ya ishe ni bi. Zan faɗi gaskiya, daɗi na ji. Kwana biyu masu saye suna sallama ina amsawa ba tare da na ɗaga kai ba. Na sami abin da Yaya yake nema: baka, wato dogon tubali mai lanƙwasa a ƙasansa, mai haƙora shida a jeri ɗaya. Amma iri uku ne masu kama da juna, bambancinsu a tsayin ciki. Kuma na lura wasu tubalan namu ba su da lamba sam, jabu ne, ba lalle su kama da na asali ba.

Sai na tsara aikin yadda na saba. Na farko, a san abin da ake da shi. Na biyu, a san abin da babu. Na uku, a yi odarsa. Lamba kuwa a ƙasan tubali take, kuma fiye da rabin tubalan suna jikin ginin.

Ranar Alhamis matar Yaya ta kai shi likita a amalanke don awon jini. Na rufe shago na dawo gida. Na ɗauki farantin, na ɓare ginin jeri-jeri tun daga sama. Kowane tubali na juya shi, na karanta, na nemo shi a katalog, na ɗauki hotonsa, na rubuta a kaye, littafin lissafina. Na jera gwangwanayen tumatir goma sha takwas, kowane da irinsa. A lissafina kayan wasan yara ne, rabin awa ya ishe ni in mayar da shi yadda yake. Da na gama rubutu na fara mayarwa. Jeri biyu na yi, kusurwa ta ƙi ɗauruwa. Na ɓare na sake, ƙofa ta koma gefe. Ina cikin karo na uku na ji amalanke a ƙofar gida.

Matar Yaya ce ta fara shigowa. Tun tana amarya muke wasan ƙanin miji da ita, da shi ma ta fara.

"Sarkin lamba, yau kasuwa ta kore ka ne? Me kake dafa mana a gwangwani?"

Sai idonta ya kai kan farantin.

"Ina ginin?"

"Yana nan. Ba abin da ya ɓata, duk na rubuta."

"Ka rubuta? Inna lillahi! Ginin ka rubuta?"

"Ke ba ki san kan abin ba. Sai an san lambar kowane kafin a yi odar na kan ƙofa."

"Ni ban san lamba ba, ban shiga lakwal na yi boko ba. Amma na san sati uku, don ni nake share masa gumi. Kan ƙofa! Da kara ka yanko masa mana, ko tsinken tsintsiya. Shi da yake rufe ɗaki da itacen da ya samu, Nasara zai jira ya aiko masa?"

Mai amalanke ya shigo da Yaya a kafaɗarsa ya zaunar da shi. Yaya ya dubi farantin. Ya bi gwangwanayen da ido ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi. Na jira ya ce "a'a", ko ya jefe ni da wani abu kamar yadda yakan yi muna yara. Bai yi ba. Ya ja hannun dama da na hagu ya ɗora a cinya, ya kwanta yana fuskantar bango.

Ban saduda ba a ranar. Na ce in bakan ya zo zai tashi. Na koma katalog na danna wurin saye. Aka tambaye ni sunan titi, da lambar gida, da lambar akwatin gidan waya, da katin banki. Gidana bayan masallacin unguwa yake, kusa da bishiyar aduwa, babu gurbin rubuta haka. Na roƙi wani direba mai zuwa Kano, na nuna masa hoton. Bayan kwana goma ya kawo mini leda cike da wasu manya-manya masu laushi, ko ɗaya bai shiga namu ba.

Sai na fara ja da baya. Na yanko kara daidai faɗin ƙofar na ajiye masa a tabarma. Na juye gwangwanayen duka a jaka, na cuɗe su da hannuna, abin da ban taɓa yi wa kaya ba a rayuwata. Na zube su a gabansa kamar ranar farko. Bai duba ba. Na ce to bari in gina masa irin nasa sak, ya ɗora daga inda ya tsaya. Na buɗe salula in ga yadda ginin yake. Hoto ɗari da wani abu, kowane tubali shi kaɗai a kan farar takarda, an ga lambarsa tsaf. Na ginin babu ko ɗaya.

Matar Yaya ta ba ni shawara, ba da wasa ba wannan karon, don wasa ya ƙare tsakaninmu. Ta ce in zauna a gabansa in riƙa gini a karkace da gangan, magini ba ya iya ganin karkataccen bango ya yi shiru. Kullum bayan la'asar na zauna ina jera gaɓa a kan gaɓa, ina barin kusurwa a buɗe. Rana ɗaya na ga ya juyo. Hannunsa na hagu ya ɗago daga tabarma kamar taƙi ɗaya. Sai ya mayar da shi, ya rufe ido.

Da aka cika wata biyu muka koma wurin lokotoro. Ya kama yatsun ya yi ƙoƙarin miƙe su, suka ƙi. Ya tambaya me ya sa aka daina motsa hannun, alhali ya fara kyau. Matar Yaya ta dubi ƙasa, ba ta tona ni ba. Ni ma ban tona kaina ba. Ya ce a naɗe tsumma a riƙa sa masa a tafi, kuma a kula da farce kada ya huda fata.

Da ruwa ya sauka ta mayar da shi Gangara saboda gona. Ƙafar ta dawo kamar yadda aka ce, yana takawa da sanda har bakin zaure. Nakan je duk Juma'a bayan masallaci. Sau biyu na tafi da jakar, a na biyun ta tare ni a ƙofa ta ce kada in ƙara.

Yankan farcen ni na karɓe shi, ba ta hana ni ba. Ina zama a damansa, in zare tsumman, in fara da ƙaramin yatsa. Sai na sa ƙarfi yake buɗewa, kuma na san da zafi, don ina jin yadda yake riƙe numfashi. In na yanke na saki, kafin in kama na kusa da shi ya riga ya koma ya lanƙwashe. Haka muke bi har biyar. Ba ya janye hannun, ba ya kuma kallona. In na gama sai in wanke tafin, in shanya shi da bakin rigata, in naɗe sabon tsumma in tura a ciki.