Ranar da Gwamma ta juye tuwon magina

Gwamma 'yar Damagaram ce, ta tsufa a unguwar Gataa El Oued, a garin Tamanrasset, tana tuƙa wa magina tuwo. Ko rumfa ba ta da ita. Da sassafe kowane lebura zai biyo ya ajiye kwanonsa a ƙofarta ya wuce shantiye, wurin gini, da azahar ya dawo ya tarar da shi cike, an rufe da faifai. Ta san kwanon kowa, ta san wanda ba ya son yaji. Katanga ɗaya ta raba mu, ba abin da ke wuce ni.

Sai Badaru, ɗan ƙanwarta, ya zo da wayarsa. Wai yana yi wa wasu masu tallar rangwame aiki, kullum da shagon da ake karya wa farashi.

"Inna, yini ɗaya tak, rabin kuɗi. Duk Tamanrasset sai ta san ki."

"Ni na ce maka suna nake nema?" Amma ta yi murmushi, kuma na gani.

Ranar aka yi dafifi, har da masu mota. Mu matan unguwa, da kowace ta iya tuƙa nata, muka fito da kwanoni kamar ana rabon sadaka. Gwamma kuwa ba ta iya duban baƙo ta ce ya ƙare. Da tukunya ta yi ƙasa, sai ta shiga juye na magina.

Da azahar suka dawo, siminti har gira. Issa, babbansu, ya ɗaga faifai, ya mayar.

"Iya, yau azumi aka ɗora mana?"

Suka kwashe kwanoninsu, ba zagi, ba gori. Da zagin suka yi, da ya fi sauƙi.

Washegari ba masu mota, sun bi rangwame wani shagon. Magina sun koma wajen wata 'yar Maraɗi. Badaru ya ce mutane aka ce ya kawo, ya kuma kawo. Matan unguwa suka ce ai ba sata aka yi ba. Kowa da bakin magana, alhali miya ba ta bushe a leɓe ba.

Na ce, "Ke Gwamma, je ki ba su haƙuri mana."

Ta ce, "Da wane ido?"

Yanzu kullum da rana tana ɗora tukunya a ka, da furfurarta, tana bin shantiye da talla. In ta hango Issa a kan gini, sai ta ja mayafi ta sake hanya.