Iya Mai Tare Gaisuwa

A shekarar da yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da mu a gida, na samu wani aiki da ya dace da halina. Wata ƙungiya ce take mayar da littattafan makaranta zuwa murya saboda ɗalibai makafi. Za a turo mini babi ta waya, in karanta a bayyane, in naɗa, in mayar. Ba sai na ga kowa ba, ba sai kowa ya gan ni ba. Sharaɗi ɗaya matar da ke duba aikin ta gindaya mini: kada a ji komai a cikin naɗin sai muryata.

A cikin gidanmu hakan ba zai yiwu ba. In ba daka ake yi ba, to rediyon Baba na kunne, ko akuya na neman 'ya'yanta. Sabis ma ba ya shiga ɗakina sai na miƙa waya ta taga. Amma a bayan gida muna da lambu wanda ya miƙe har bakin hanyar da ke bin kanal, kuma a ƙarshensa akwai tsohuwar rumfar da Baba yake ajiye albasa kafin ya yi sabuwa a gona. A can sabis yake cika. Na roƙi Baba rumfar, ya ce in ɗauka, in dai ba zan taka masa latas ba.

Na share ta, na kwashe ɓawon albasa, ko da yake warin bai taɓa fita gaba ɗaya ba. Ranar da aka sako ruwa a kanal ƙasan wurin kan jiƙe, don haka na jera bulo na ɗora katako. Tebur kuwa tsohuwar ƙofar ɗakin girki ce, na goge ta na kafa mata ƙafafu. Na je Kura wurin masu injin casa na ciko buhuna da buntun shinkafa, na jingina su a jikin zana ta ciki don su shanye ƙara. Na ɗaure farantin sola a kan rufin, na sa batirin cikin tsohuwar tukunya saboda raɓa. Har wurin ajiye kofin ruwa na auna, nesa da kwamfuta, kusa da hannun hagu. Na kuma lura cewa masu injin ban ruwa kan kashe shi da hantsi, ba sa sake tayarwa sai rana ta yi sanyi. Tsakanin nan ne lokacin aikina.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne gaisuwa.

A wurinmu ba a wuce mutum yana aiki a lambu ba a ce masa sannu ba. Ita kuma hanyar kanal kowa nan yake bi: masu zuwa dashen shinkafa, masu ɗauko kwandunan tumatir, matan Fulani da ƙoren nono. Zanar rumfata ba ta kai tsayin mutum ba ta gefen hanya, duk wanda ya zo sai ya hango kaina. Ina tsakiyar jimla sai in ji, "Sannu da aiki, ɗan boko!" Sai in tsaya in amsa. A tambayi gajiya, a tambayi mutanen gida, a tambayi yaushe za a koma makaranta. In an tafi in goge, in sake daga farko. Wasu gaisuwar daga nesa ake jefo su, ba na ma jin su sai na zo sauraren abin da na naɗa.

Aka dawo mini da babi, aka sake dawo da wani. Matar ta turo saƙo cikin ladabi, ta ce karatuna yana da kyau, amma in babi na gaba ya zo da muryar wani a ciki, za ta ba wani littafin.

Sai na yanke shawarar in riƙa ɗaga hannu kawai. Washegari kuwa wani dattijo ya biyo hanyar, aminin marigayi kakana, wanda muke kira Baffa. Ya yi sallama. Saura layi kaɗan in gama shafi, sai na ɗaga masa hannu na ci gaba da karatu. Ya sake sallama. Na ƙara ɗaga hannun sama. Na ji ya ɗan tsaya, sannan na ji ƙarar sandarsa tana nisa.

Bayan magariba Baba ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba.

"Baffanka ya tare ni a masallaci," ya ce. "In aikin nan ne zai sa a ce ɗana ba ya amsa sallama, gara albasa ta koma rumfarta."

Ni dama magana ba ta zo mini da sauri, sai an tashi nake tuna amsa.

Kakata, mahaifiyar Baba, wadda kowa ke kira Iya, tana daga soro na ciki tana jin mu. Tun ina yaro take kirana maigidanta, irin wasan kaka da jika, kuma duk unguwar babu mai yawan zance kamarta.

"Ku bar mini mijina," ta ce. "Miji ne marar baki Allah ya haɗa ni da shi, to ni zan zama bakinsa. Gobe a kai mini tabarma lambu."

Da safe ta shimfiɗa tabarma a jikin rumfar, ta zauna da tire da wuƙa tana yanka tumatir na kauɗa. Mutum na farko da ya ce mini sannu, ta karɓe.

"Yawwa sannu! Yana aiki ne, ba a magana! Ya mai jiki? Ta samu ta sha maganin? Kai, ka ce mata ta daina wasa da ciwon nan!"

Allurar da ke nuna ƙarfin murya a kwamfutata ta buga har ja. Na fito na durƙusa a gabanta.

"Iya, muryarki ta fi tasu shiga."

"Ji marar godiya! Na baro inuwar ɗakina saboda kai, ko goro ba ka taɓa sayo mini ba, kuma ka ce na cika murya?"

"To zo ki ji."

Na sa mata abin sauraro a kunne. Ta ji muryata tana bayanin yadda ƙasa ke riƙe ruwa, sai ga tata ta faɗo a kai tana tambayar mai jiki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in sake mata. Da ta gama dariyar sai ta tsaya tana kallon hanya.

"Daga ina ne abin nan naka yake daina ji?"

Muka gwada. Tana tafiya tana kiran sunana, ina kallon allura, har ta kai gindin wata bishiyar mangwaro kusa da kwalbati, inda hanyar ta rabu biyu. Daga nan allurar ta kwanta. Can ta mayar da tabarmarta.

Tun daga ranar, duk wanda ya fito daga gari sai ya fara cin karo da Iya. Ta sha zancenta da shi son ranta, sannan ta ce, "Maigidana yana karanta wa makafi littafi. Kawo gaisuwar a nan, zan kai masa." Mutane suka riƙa ba ta, su wuce rumfata shiru, wasu har da sanɗa. Masu dawowa daga gona kuwa sun riga sun ji bayani tun da safe.

Ba ta taɓa zubar da gaisuwar kowa ba. Da azahar za ta leƙo rumfa da tirenta a ka.

"Mai faci yana gaishe ka."

"Ina amsawa."

"Mai nono tana gaishe ka, ta ce ka rame."

"Ina amsawa."

"Buɗe baki mana! Haka zan koma in ce musu ka amsa, kamar sauro?"

Na naɗi babin nan tsaf, na saurare shi daga farko har ƙarshe, babu komai sai kukan kurciya can nesa a wuri ɗaya, shi ma na sake wurin. Na tura. Amma a duk sunayen da Iya take kawo mini babu Baffa. Na tambaye ta.

"Yana wucewa, muna gaisawa, amma bai ba ni komai in kawo maka ba," ta ce. "Wannan da ƙafarka za ka je, ni ba 'yar aikenka ba ce."

Bayan la'asar na same shi a dakalin ƙofar gidansa. Na cire takalmi na durƙusa. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na ce, "Baffa, a yi haƙuri. Ran nan na ɗaga hannu ne saboda ina tsakiyar naɗi."

"Hannu?" Ya juyo da fuskarsa wajena, sai na ga farin da ya rufe masa ƙwayar ido. "Yaro, ni da rana tsaka ma inuwa-inuwa nake gani. Muryarka kawai na ji kana ta zuba, na yi sallama ka ƙi kulawa. Na ce to, jikan abokina ya zama bature."

Na ciro waya na kunna masa babin. Ya karkata kai yana ji, hannunsa a kan sanda. Ya ci gaba da sauraro har aka zo inda littafin ke maganar ƙasa mai yashi da mai laka.

"Kai ne wannan? Ashe kana da baki. To ina sauran?"

Na ce sai gobe zan naɗa.

"In ka gama ka kawo mini. Kuma ka faɗa wa mai littafin, lakar fadamarmu ta fi wadda ya sani taurin kai."

Matar ta karɓi babin, ta turo na gaba. Albasa ba ta dawo rumfar ba. Washegari da azahar Iya ta leƙo, ta jero sunayen masu gaisuwa kamar kullum, sannan ta sauke tiren ta gyara ɗaurin zani.

"Baffanka yana gaishe ka. Ya ce kada ka sa shi jira."

"Ina amsawa," na ce, da ƙarfi yadda take so.

"Yau dai na ji. Saura goron."