Zangarniyar da Marlys Ta Goge

Marlys Koskela ba ta taɓa son wasan ba. Ta sha faɗa mana haka a garejinsu, tana tsaye da butar kofi a hannu tana kallon mu ukun, tsofaffin banza in ji ta, kowa ya duƙufa a kan kwamfutarsa yana harbin ɗan'uwansa. Amma duk garinmu na Thunder Bay, har da masu wasan da ke nesa, ba na jin akwai wanda ya san hanjin wasan nan kamar ita.

Wasan tsoho ne. Kana zaune cikin kan wani ƙaton mutum-mutumi na ƙarfe mai tsayin bene, kana tuƙa shi cikin duwatsu da kufan garuruwa, kana neman ƙaton abokin hamayya. Kamfanin da ya yi shi ya daɗe da rufewa. Ba don irin su Marlys ba, masu buɗe fayilolinsa suna gyara suna ƙari, da tuni ya daina tashi a kwamfutocin yanzu.

A wata gona da ke bayan gari aka haife ta. Tun tana budurwa ta koyi ɗinkin kujeru da rumfunan jiragen ruwa, kuma a kan wannan sana'a ta tsufa. Ba ta taɓa kai keken ɗinkinta wurin mai gyara ba, ita ke kwance shi ta mayar. Mijinta Arvid kuwa injin ɗaga kaya ya tuƙa a rumbunan hatsi na bakin tafki har ya yi ritaya. Mutum ne mai nauyin baki, mai manyan hannuwa, kuma tun yana aiki wasan nan ne hutunsa.

Shekarar da suka sayi sabuwar kwamfuta, wasan ya ƙi tashi. Arvid ya yi ta yawo a gida kamar wanda aka yi wa rasuwa. Da abin ya ishe ta, Marlys ta ce inji ai inji ne, ta zauna ta karanta abin da masu wasan ke rubutawa a dandalinsu na intanet, ta yi ta tambaya ba kunya har wasan ya tashi. Sai ta tsaya bayan mijinta tana kallo.

"Wa ya zaɓa muku wannan ruwan tokar?" ta ce. "Duk ƙattin naku kamar tukwanen da aka manta a wuta."

Daga nan ta koyi yi musu fenti. Daga fenti ta gangara zuwa lambobin da ke ƙasa, waɗanda ke faɗin nauyin kowane ƙato da saurinsa da ƙarfin bindigarsa. Ni Lyle akawu ne a ofishin ruwa na gari, shi ya sa ta ɗora mini gwaji. Duk gyaran da ta yi, ni ke fara gwadawa, in adana tsohon fayil in sa masa kwanan wata. Na ukunmu Rollie Beaudry ne, tsohon direban motar kwashe ƙanƙara, wanda aikinsa a garejin cin fanke da baƙar magana.

Dokokinmu biyu ne, kuma haka suke a wurin yawancin masu gyaran wasan. Duk lambar da aka taɓa, sai an sanar da kowa kafin a zauna. Sannan duk wanda ya ci wasa, Marlys za ta zana masa alama a kafaɗar ƙatonsa. Rollie ya zaɓi shebur, ni ɗigon ruwa, Arvid zangarniyar alkama. Ƙatonsa Helmi, wadda ya sa wa sunan wata gwaggonsa da ba a taɓa ganin ta yi sauri ba, kafaɗarta kamar gona take.

Asirin wasan zafi ne. Duk harbin da ka yi, injin ƙatonka na ƙara zafi. In ka zarce, sai ya mutu tsaye, ka zauna kana kallo ana ragargaza ka. Arvid ba ya duba ma'aunin zafin. Da kunne yake tuƙi. Akwai wani kuka da injin ke yi dab da mutuwa, shi kuwa sai ya kai Helmi bakin wannan kukan, ya ɗaga yatsa, ya bar ta ta numfasa, ya sake danna. Ya ce haka yake jin igiyar ƙarfe in kaya ya yi mata nauyi.

Wata shekara da kaka, ganye na zuba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya dawo daga asibiti yana jan ƙafa, hannun dama a naɗe a cinya, magana tana fita da ƙyar. Masu gashin ƙashi na asibitin suka ce ya riƙa motsi, ya riƙa hira, kada a bar shi shiru. Shi kuwa ya sa kujera a bakin taga yana kallon jiragen hatsi, daga safe har yamma. Abinci ma sai Marlys ta yi da gaske.

Ta san abu ɗaya ne zai iya fitar da shi daga wannan kujerar. Ta kwashe duk madannan tuƙi da na harbi ta mayar su inda hannun hagu zai kai, ta sanar da mu, na gwada. Ranar Asabar, ranar wasanmu, ta ce masa ita ba za ta iya da surutun Rollie ita kaɗai ba. Ya taso. A garejin ne na fara jin ya haɗa magana mai tsawo tun da ya kwanta, kuma zagin Rollie ne.

Sai dai hannu ɗaya ba ya aikin biyu. In yana tafiya ba ya harbi, in yana harbi Helmi na tsaye kamar turke. Asabar bayan Asabar ana kayar da shi. Wata rana Rollie ya yi kamar bai gan shi ba, ya bi ta gabansa a hankali.

"Rollie," in ji Arvid, yana jan kalmomin. "Makaho ka zama?"

"Gilashina ne ya yi hazo."

"Ka harbe ni. Ko ka tafi gida."

Rollie ya harbe shi. Amma Marlys ta ga yadda mijinta ke daɗewa kafin ya taso daga taga, kowane mako fiye da na baya. Ta ji tsoron ranar da zai ce ba ya zuwa.

Asabar ta gaba ta raba mana sabon fayil, ta ce ta ɗan matsar da madannai ne. A ranar Arvid ya ritsa Rollie a wani kwazazzabo ya yi ta zuba masa wuta har ƙafar ƙatonsa ta cire. Rollie ya yi ihu ya jefar da hula. Ni na tafa. Marlys, tun kafin hayaƙin ya lafa, ta buɗe fenti ta ƙara zangarniya a kafaɗar Helmi.

Arvid bai yi dariya ba. Ya juya Helmi ta fuskanci wani dutse da ba kowa, ya danna duk bindigoginta lokaci guda. Ya sake. Ya karkata kunne wajen lasifika, ya sake dannawa. Injin ya yi gurnani, amma kukan nan bai zo ba, Helmi kuma ba ta mutu ba.

"Wa ya taɓa ta?" ya ce.

Ni da Rollie muka dubi Marlys.

"Tsoho," in ji Marlys, "kaɗan ne fa. Zafin kawai na rage mata."

"Kin sanar?"

"Arvid."

"Kin sanar da Lyle? Da Rollie?"

Ta girgiza kai. Ya dafa tebur da hannun hagu ya miƙe, ya ƙi a riƙe shi. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"A asibiti an yanka mini nama. An ɗaura mini takalmi. Na haƙura." Ya numfasa. "Nan ne kaɗai ba a tausaya mini."

Bai sake shiga garejin ba. Ya koma taga, ya daina motsa hannun, mai gashi ta zo ta tafi bai kula ta ba. Dusar ƙanƙara ta sauka, tafkin ya fara daskarewa, jiragen suka ɗauke, shi kuwa yana nan yana kallon inda suke bi. Da Marlys ba ya faɗa, wanda ya fi faɗan ciwo. In ta kawo abinci sai ya ce ya gode, kamar baƙo.

Ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Ta sake, ya ce ya ji. Ta gaya mini cewa duk zaman aurensu bai taɓa ce mata ba komai ba sai in akwai komai.

Wata Lahadi da rana ta kira ni ta ce in zo da tsohon fayil, wanda ba a taɓa ba. Na same ta a kicin. Ta mayar da lambar zafin Helmi yadda take, ta sa na duba da idona. Sannan ta rubuta a dandali, inda mutanen da suka daɗe suna girmama aikinta za su gani, cewa ta canza lamba ba ta sanar ba, kuma wasan waccan Asabar ba ya cikin lissafi. Ba ta kawo dalili ba.

Ta ɗauki ƙaramar kwamfutarta ta shiga falo, ni ina biye. Ta ja kujera kusa da Arvid, ta ɗora kwamfutar a cinyarta yadda zai gani in ya so. Ta buɗe hoton kafaɗar Helmi, ta ƙara girmansa, ta nemo zangarniya ta ƙarshe, ta fara gogewa. Tana goge ƙwaya, tana mayar da launin ƙarfen da ke ƙasa, a hankali kamar mai farke ɗinki. Da gogewa ɗaya za ta iya gamawa, amma ba ta yi haka ba.

Arvid yana kallon taga. Can na ga idonsa ya gangaro. Da ta gama ta sa hannu za ta rufe, sai ya ce:

"Kin bar gashi ɗaya."

"Ina?"

"Can. Gefen ƙusa."

Ta matso da fuska. "Wannan tsatsa ce, tsoho. Ni na zana ta tun bara."

"Gashi ne."

"To, gashi ne." Ta goge tsatsar.

Sannan ya ce, "Da hannu ɗaya dai ba zan iya ba, Marlys. Gaskiyar ke nan."

"Na sani," ta ce. "Ƙafarka ta hagu fa, me take yi maka ban da neman silifa?"

Makon nan ta cire fedar tsohon kekenta na lantarki, ta kwance wani allon madannai da ya lalace, ta haɗa wayoyin. In an taka, bindiga ta tashi, hannu kuwa ya ji da tuƙi kawai. Wannan karon sai da ta tara mu ta sanar. Rollie ya ɗaga fedar yana jujjuyawa.

"Wato yanzu da keken ɗinki za a yaƙe ni? In ya ci ni, ya yi mini kalmasar wando?"

"In ya ci ka," in ji Marlys, "ni zan ɗinke maka baki kyauta."

Muka amince, na gwada, na adana.

Ranar Asabar Arvid ya shigo da sandarsa ba wanda ya kira shi. Ya zauna, ya laluba fedar da ƙafa. Da farko Helmi ta yi ta harbin ƙasa da sama, don ƙafar ba ta saba ba. Sannan ya hango Rollie a bayan wani rusasshen gini, ya nufe shi yana tafiya yana harbi, abin da bai yi ba tun kafin ciwon. Injin ya hau gurnani, kukan ya taso. Na ga ya ji shi, na ga kafaɗarsa ta motsa, amma ƙafar ta makara. Helmi ta mutu tsaye a tsakiyar fili.

Rollie ya kalli Marlys. Ta harare shi. Ya juya ya zuba wa Helmi duk abin da yake da shi har ta kife.

Arvid ya bugi tebur. Wani sauti ya fito masa wanda na ɗauka tari ne, ashe dariya ce, rabin baki.

"Ɗan banza," ya ce. "A tsaye ka same ni."

"A tsaye na fi son ka, ba ka da wuyar samu."

"Sake. Lyle, tayar mana." Ya leƙa ƙarƙashin tebur. "Marlys, abin nan ya cika laushi. Kafin in ɗaga ƙafa ya riga ya harba. Sa masa sifirin mai tauri."

"Yanzu?"

"To yaushe? Mutumin nan zai gudu gida ya ce ya ci ni."

Ta ajiye butar kofin, ta ɗauko sukundireba daga aljihun rigarta, ta durƙusa.

"Ɗaga ƙafar mana, tsoho," ta ce. "Ka taka mini hannu."