Kurkunun da ya so hana ni Arfa

Jama'ar wannan zaure, kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Ina nan unguwar Hindawiyya a Makka, tsufa ne kawai. Wasunku sun dame ni da tambayar tabon da ke idon sawuna, shekara da shekaru ina kauce musu. Yau dai zan faɗa, ko na huta.

A ƙafa muka iso Makka can ƙarshen shekarun 1950, ni da Babana, ina 'yar budurwa. Mu uku muka taso daga Katsina. Mahaifiyata ta rasu a Sudan, inda muka tsaya tsinkar auduga don neman guzuri. Wasiyyarta ɗaya ce, Baba ya tsaya da ni a Arfa, ina gefensa.

A unguwar Tandabawi muka sauka, gidan Inna Azumi, wata Basakkwatiya mai sayar da waina da koko. Rumfunan kwano da buhu ne kawai, amma duk wanda ya iso a ƙafa nan ake nuna masa. Tana da doka: kafin ta tambayi sunanki sai ta wanke miki ƙafa da ruwan ɗumi da gishiri, tana yi tana faɗa. Maza kuwa a miƙa musu ƙwarya su yi da kansu.

A wankin nan ta ga wani ƙurji a idon sawuna. Tun Jidda yake mini zafi kamar an ɗora garwashi, amma na ɓoye, don mun ji ana tsare marasa lafiya a karantina har Hajji ya wuce.

"Kurkunu ne, ya binti," in ji ta. "Ruwan kududdufin hanya ne ya biyo ki."

Yaran yanzu ba ku san shi ba. Tsutsa ce fara, doguwa kamar zare, mai fitowa ta fata. Da ta leƙo, Inna ta ɗaure kan tsutsar a tsinke, kullum da safe ta naɗe ɗan kaɗan ta bari. Ta ce ba a yi mata gaggawa.

Sai aka ga watan Zulhajji, tsutsa ko rabi ba ta fito ba. Wata safiya Inna ta tafi kasuwa, Baba ya zauna ya ce bari ya taimaka. Mutum ne da ya shekara yana cire mana ƙaya a hanya, a ganinsa duk ɗaya ne. Ya ja, ta tsinke, sauran ya koma ciki.

Ban taɓa ganin laifinsa ba.

Kafin washegari ƙafa ta zama kamar turmi, zazzaɓi ya rufe ni. Inna ta duba, ta dubi Baba. "Malam, ƙaya ka ɗauke ta?" Iyakar abin da ta ce ke nan, ta ɗora ni a jakinta sai asibiti.

Likita Bamisire ne. Ya sa mini ma'aunin zafi a baki, ya tsaga wurin ba tare da kashe zafi ba, Inna ta danne ni. Safe da yamma allura da wankin ciwo. Ya nuna gwiwata ya yi magana da Larabci, na tambayi Inna me ya ce.

"Ya ce ki ci abinci."

Wata mata a gadon kusa ce ta gaya mini gaskiya: in kumburin ya haye gwiwa za a yanke ƙafar. Na ji tsoro ƙwarai, amma wallahi Arfa ce ta fi damuna. Kuɗin allura Inna ta biya, ba ta taɓa gaya mana nawa ba ne.

Kumburi ya tsaya ƙasan gwiwa. Aka sallame ni ana gobe fita Mina, da sharaɗin kada in taka.

Baba ya ce in haƙura sai baɗi. Na juya fuska bango na yi ta kuka. A tsakar gida Inna ta riga ta ɗaure wa jaki tanda da tukwane da gari, don cinikin kwanakin Hajji shi ke ciyar da gidanta da baƙinta har shekara ta zagayo. Ta leƙo ta same ni haka. Ta koma ta fara kwance kaya.

Maƙwabciyarta ta ce, "Azumi, me za ki ba baƙinki bana?"

"Abin da na samu. Yalla, maza kama mini yarinyar nan."

Inna ce ta ja jakin har Arfa, ina kai, tana mita a kan zafin rana da nauyina. Na tsaya da ƙafa ɗaya, hannu ɗaya a kafaɗarta, ɗaya a ta Baba. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba sai ranar. Bai ga Hajjin baɗi ba, Allah ya yi masa rasuwa kafin azumi.

Ƙafa ta ɗauki watanni kafin ta warke. A shekarar, gidan Inna koko ba sukari muka sha, ba ta kuma taɓa ɗaga zancen ba.

Shawarata: kada ku ɓoye ciwo don tsoron a hana ku tafiya, ku nuna wa mai masaukinku tun ranar sauka. Ku tace ruwan sha. Abin da likita ya ce a bi a hankali, kada ɗan'uwa ya sa masa hannu, komai son da yake muku.

Na gode wa Allah, na gode wa likitan da ban san sunansa ba. Inna Azumi kuwa ba ta haihu ba, ni kaɗai na rage cikin masu kiran sunanta bayan salla, ga shi na tsufa. Don Allah ku karɓe ni, ku ci gaba da yi mata addu'a.