Ranar Da Na Shafe Kakana Da Farar Ƙasa

Bari in faɗi laifina da bakina kafin ƙannena su riga ni, don su in suka ɗauki labari sai sun zuba masa gishiri har ya ƙi ciwuwa. Ni ne na shafe kakana da farar ƙasa. Wata Litinin ce, jajibirin kasuwar Talatar Mafara, an gama yankan gero ana ta ɗaurin dammuna, ni kuma ina aji biyar na firamare, kaina cike da dabarun da babu wanda ya tambaye ni. Da bokiti ɗaya da tsohuwar tsintsiya na aikata aikin, ina yi ina waƙa, don a zatona lada nake kwasa.

Gidanmu na Bakura yana da zauren ƙasa mai ƙofa tana duban gabas, kuma tun kafin a haifi babana kakanmu, Baba Tsoho, yake da wurin zama ɗaya a cikinsa. In ya dawo daga sallar asuba sai ya shimfiɗa buzunsa, ya jingina da bangon yamma, ya ja carbinsa har hantsi ya ɗaga. Da la'asar ya koma wurin. Mu yara muna wucewa ta gabansa da taya muna gare-gare, ko da buhun ciyawar tumaki, ko a jiƙe sharkaf daga wankan da aka hana mu yi a hanyar ruwan dam, shi dai ya ɗaga mana gira, leɓensa na motsi. Shekara da shekaru gumin bayansa da man da yake shafa wa kansa suna shiga bangon nan, har wurin ya yi baƙi ya yi santsi kamar gindin tukunya. In ka tsaya daga nesa za ka ga shatin kafaɗu biyu da kai, ya ɗan karkata dama, yadda yake karkata in gyangyaɗi ya sace shi ya ce tunani yake yi.

Baba Tsoho bai yarda da hoto ba. In mai hoto ya shigo gidan biki, shi ya fita ta ƙofar baya. Sau ɗaya aka taɓa samunsa, na katin zaɓe, ya fito kamar wanda aka kama da akuyar mutane, shi ma katin gara ta cinye shi a cikin akwati. Saboda haka da Allah ya yi masa rasuwa, babu fuskarsa a ko'ina sai a zukatan mutane. Kakarmu Inna, wadda ni da ita kullum muna cikin faɗan miji da mata, tana kirana angon wahala ina kiranta amarya mai haƙori uku, ta ɗauki wata ɗabi'a: kowace safiya in an watse sai ta leƙo zaure da tsintsiya wai shara, ta daɗe tana sharar wurin da babu ko tsinke. Ni ban gane komai ba, na ɗauka tsufa ne.

Daminar shekarar ta tsaga zauren daga sama har ƙasa, manya suka yanke shawarar a rushe shi ranar Laraba a gina na bulo. Sai Inna ta aika Talatar Mafara a kira autanta, Baffa Lawali, ya zo da kyamara kafin magina su zo. Baffa yana da shagon hoto a can, yana ɗaukar amare da 'yan makaranta don abin sakawa a baki, amma abin da ke ransa daban ne. Mutum ne da zai hau babur har Janbako don ya ɗauki sawun saniya da ruwan sama ya cika, sararin sama na ciki. An taɓa ganinsa a Ruwan Gizo kwance rubda-ciki a bakin gona yana jiran hayaƙin wata bukka ya miƙe. Rabin dangi suna yi masa addu'ar samun lafiya a ɓoye. In an tambaye shi sai ya ce, "Ba a ɗaukar hoton iska, sai dai ganyen da ta kaɗa."

Ni abin da kunnena ya tsinta kawai shi ne za a ɗauki hoton zaure. To, ni na san hoto. A makarantarmu duk ranar da mai hoto zai zo, sai an wanke mu an shafe mu da mai har ƙuda ya sauka a goshin mutum ya zame, hedimasta kuma ya sa a bi duwatsun bakin hanya da gindin itatuwa da farar ƙasa. A karatuna, hoto da farar ƙasa ɗan juma ne da ɗan jummai. Da na dawo daga makaranta na dubi zaurenmu, na ga wannan baƙin dattin a bango, na ce wallahi ba za a kunyata gidanmu a idon duniya ba ina raye. Maza duk suna gona, mata suna sussuka a bayan gida. Na ɗauko ragowar farar ƙasar Sallah a bayan rumbun Inna, na dama, na hau bangon yamma da shafa. Wurin dattin ya yi mini gardama, ina shafawa yana zamewa, sai da na bi shi sau uku. Da rana ta busar da shi, bango ya yi fari fat. Na wanke hannu na zauna a dakali ina jiran yabo, har na shirya yadda zan ce ai ba komai.

Bayan la'asar Baffa ya iso. Ya kafe babur, ya amsa gaisuwata da fara'a, ya tambayi makaranta da tumaki, ya sa kai cikin zaure. Ya fito a hankali, ya dubi farin da ya maƙale a faratana, ya ce, "Nasiru, wa ya sa ka wanga aiki?" Na buga ƙirji na ce ni na sa kaina. Bai dake ni ba, kuma da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Zama ya yi kusa da ni ya gaya mini cewa ba zaure aka kira shi ya ɗauka ba, shatin nan ne. Ya ce shi ne kaɗai hoton Baba Tsoho, kuma da kansa ya zana shi, da bayansa, yana ambaton Allah, shekara arba'in. Ya ce Inna ta roƙe shi ya ɗauko mata shi kafin Laraba, don in bango ya faɗi ba ta da sauran wurin dubawa. A nan ne na gane sharar da take yi kowace safiya.

Na ce masa ai yana da kwamfuta, ya zana wani mana, tunda na taɓa ganin ya cire wa wata amarya ƙurji a kumatu. Ya ce zai iya zana shatin da ya fi wancan kyau kafin in ƙifta ido, amma ba zai kai wa uwarsa ƙarya a cikin gilashi ba.

Inna ta fito da kanta. Ta tsaya a gaban bangon, ta kai tafin hannu ta shafa daidai wurin, ta murza farin a yatsunta, ta dube ni, ta koma cikin gida. Ko angon wahala ba ta kira ni ba. Ranar nan ko tuwo ban ci ba, ni da ake ɓoye tukunya in na shigo. Na tsara guduwa wurin Goggo a Maradun, na ɗaure riga biyu da danƙon harbina a leda, sai na tuna Goggo 'yar Baba Tsoho ce, hannunta kuma ya fi na kowa zafi. Na kwance ledar.

Washegari bayan asuba na kasa zuwa ko'ina sai zauren, kamar ɓarawon da ke zagayen inda ya yi sata. Na tarar da Baffa a tsaye ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, Inna na zaune a kan kujerar tsugunno a bakin ƙofa. Na bi idonsu. A tsakiyar farin bangon nan, ga kafaɗu biyu, ga kai ya karkata dama. Farar ƙasa ba ta kama maiƙo. Ta tsattsage ta zube a wurin, abin da ya rage kuma man ya huda shi ya fito ruwan ƙasa-ƙasa. Da can shatin yana ɓacewa cikin duhun bango sai ka lura, yanzu kuwa ko daga bakin titi za ka ce ga tsoho nan zaune. Na zauna a ƙasa daɓas.

Inna ta kalle ni ta gefen ido ta ce, "Shekara arba'in ina fama da shi ya taso ya sha fura tun da sanyinta, bai taso ba. Kai ɗan jiya, kai za ka tashe shi da tsintsiya?" Ashe ita ma ta taɓa shafe bangon sau biyu da Sallah tun tana da sauran haƙora, duk biyun ya dawo. Tun da ta murza farin a yatsunta ta san zai fito. Ta bar ni ne kawai in dahu.

Baffa bai taɓa kyamara ba sai da hantsi ya shigo ta ƙofa. Mun zuba ido haske yana rarrafe a daɓe, ya hau bango, ya tsaya daidai ƙirjin shatin, kai yana cikin inuwa. Ya sa na ɗauko buzun da butar Baba Tsoho na ajiye inda suka saba zama, ya duba, ya ce in ɗauke buzun, butar ta isa. Ya ɗauka ya fi sau hamsin, yana riƙe numfashi kamar mai harbin kurciya. Daga baya a shagonsa na ga yadda ya zaɓi ɗaya, ya kwana biyu yana rage hasken gefe-gefe yana barin na tsakiya, bai ƙara ko ɗigo ba. Ya nuna mini tsagewar farar ƙasar da ta kewaye kan kamar jijiyoyin ganye, ya ce wannan aikina ne, amma kada in kuskura in sake taimakonsa.

Yanzu zaurenmu na bulo ne, an yi masa fenti mai sheƙi, akwai benci da wurin cajin waya. Muna zama a ciki mu ma, sai dai babu mai daɗewa a wuri ɗaya, kowa ya sunkuya a kan tafin hannunsa. Wayata kaɗai tana da hotunan fuskata da za su ishi jama'ar Bakura kowa ya samu ɗaya, kuma in aka haɗa su duka ba su faɗi abin da bangon nan ya faɗa a kan mutumin da ya ƙi tsayawa gaban kyamara ba. Wani lokaci nakan jingina da sabon bangon in daɗe, in tashi in duba, ba na ganin komai.

An rushe zauren ranar Laraba kamar yadda aka tsara. Hoton yana ɗakin Inna, sama da gadonta, tana goge gilashinsa kowace safiya. Ni kuma tunda an gano ina da hannun shafe, duk Sallah ni nake yi wa ɗakinta da madafa da rumbu farar ƙasa, yau shekara shida.