Alƙaliyar Ɗakin Tiyatar Kai Za Ta Huta

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa. Kafin ta buɗe fayil ɗin kowa sai ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya, ta haska idon mara lafiya da 'yar tocila, ta miƙa masa yatsu biyu ta ce, "Baba, matse. Ɗaya hannun kuma." Sannan ta tambaye shi yau wace rana ce, wa ke zaune kusa da shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka a ɗakin waɗanda aka yi wa aiki a ka. Ma'aikata suna ce mata Sista, tsofaffin da take jinya kuwa Alƙaliya suka sa mata, saboda yawan tambaya. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ta dalilin mahaifina na san ta. Tsohon kafinta ne. Wata rana ya buge kansa da katakon rumfar shago, ya shafa wurin, ya ci gaba da aikinsa. Ko ƙulu bai fito ba. Bayan mako shida ya fara jan ƙafar dama, yana kiran ƙanwata da sunan marigayiya uwarsa. Muka ce tsufa ne. Yayana ya kulle shagon ya ɓoye makulli.

Ranar da muka kai shi asibiti neman maganin ƙafa, muna kan benci ta zo wucewa. Ta tsaya tana kallon yadda takalminsa ke suɓucewa.

"Ya taɓa faɗuwa?"

"A'a, Sista," in ji ni.

"Ku yi tunani dai. Ko ƙofa ya buga, ko da wata biyu ne baya."

Sai Innarmu ta tuna da katakon. Sista ta riƙe hannunsa da kanta har gaban likita. Hoton kai ya nuna jini ya daɗe yana tsatsafowa a hankali, ya taru ƙarƙashin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Ta ce mana haka yake yi wa tsofaffi, shigowa yake ba sallama.

Da Baba ya ji za a huda masa kai, ya ce atafau. Muka yi lallashi har muka gaji. Ita kuwa kujera ta jawo.

"Baba, in ruwa ya kwanta a rufin ɗaki, yaya kake yi?"

"A yi masa hanya ya fita."

"To, iyakarta ke nan. Ramin ma bai kai wanda kake yi wa ƙyaure ba."

Sai ya ce, "Mai hudawar, hannunsa na rawa?"

"Da yana rawa, da ban bari ya taɓa ka ba."

Ita ta sa muka zazzage jakar magungunansa a kan gado, ta tsinto ƙwayar tsinka jini da yake sha, wadda duk cikinmu ba wanda ya gaya wa likita. Bayan aikin, kwana biyu ya yi a kwance, 'yar roba tana janye sauran jinin. Duk sanda ya yunƙura zai zauna, sai ya ji murya daga ƙarshen ɗaki: "Ina kallon ka fa!" Rana ta uku ya kira ƙanwata da sunanta. Rana ta biyar ya dubi yayana ya ce, "Kai, ina makullina?"

Mai sharar ɗakin ta ba ni labarin wata tsohuwa da barci ya dinga kwasa da tsakar rana, kwana huɗu bayan aikinta. 'Ya'yanta suka ce a bar ta ta huta. Sista ta ji hannun tsohuwar na hagu ya saki, ta je ta fito da likita daga taro. Ashe jinin ne ya sake taruwa. Aka mayar da ita tiyata, kuma da ƙafarta ta koma gida. Ba duk marasa lafiyar ne suka tashi ba. Waɗanda suka rasu, in ji mai sharar, Sista ba ta taɓa barin danginsu su ji labari a tsaye a baranda ba.

Sista, ke ce idon likita in ya juya baya. Ke ce kika ƙi yarda a lulluɓe ciwo da sunan tsufa. Sunan wasu ke kan takardar aiki, ke kuwa naki yana bakin gidajen da kika mayar wa iyayensu da hankalinsu. Mun gode. Allah ya ba ki mai kula da ke yadda kika kula da namu.

Ku 'yan baya masu farin kaya, saura mako uku ta tafi. Ku manne mata, ku kwashi abin da ba ya cikin littafi. Gobe wani zai kawo muku tsohonsa yana cewa ruɗewa ce kawai. Ku tsaya ku dube shi.