Yadda Mukhtaru Mai Tsire Ya Gyara Maganin Ƙiba

Mukhtaru taubashina ne, ɗan gwaggona Khadijatu, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ina da hurumi, ko a gabansa ma zan maimaita. Shekararsa hamsin da biyu. A kan dutsen Nakkasa da ke Makka aka haife shi, ya tashi ya gaji babansa a sana'ar tsire, wanda Larabawan Makka suke kira siriya kamar su suka ƙirƙiro shi. Shagonsa yana wani lungu a unguwar Misfala, kuma mai nemansa ba ya buƙatar kwatance, hayaƙi ne zai kai shi.

Mutumin kirki ne, wannan kam ba na musu. Bai taɓa sayar da naman jiya ba, kuma alhajin da ya ɓata hanya ya faɗo lungun ba ya tafiya sai da tsinke biyu a hannu. Aibinsa guda ne: bai yarda da komai ba sai ya ɗanɗana, in ya ɗanɗana kuma sai ya gyara. Miyar matarsa Hanan, shayin gidan biki, har lemon kwalba, duk cewa yake da saura. A shago kuwa, duk jerin da ya sauko daga wuta sai ya zare tsinke ɗaya ya cinye, wai na gwaji. Jeri ashirin yake gasawa a rana, kuma an shekara talatin ana wannan gwaji. Telansa ya daina auna shi tuntuni, sai dai ya tambaya a waya, "Kamar ta bara, ko a ƙara?" Kullum ƙarawa ake yi.

Gwaggo kuwa tana nan gidansu na Nakkasa, can ƙoli, mataki ɗari da tamanin da huɗu daga inda mota take tsayawa. Rabon Mukhtaru da ƙofar gidan shekara uku ke nan. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya kama hawa da kyakkyawar niyya, a mataki na hamsin gwiwa ta ce ba da ita ba, ya zube a dakalin wani gida ya kira uwarsa a waya. Ita kuma ta leƙo ta taga, ta hango shi can ƙasa kamar buhun shinkafar da aka manta, su gaisa, ya juya.

Bara aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidan, alamar za a rushe shi kamar yadda aka rushe na maƙwabta. Aka ba ta wata uku. Mukhtaru ya gyara mata ɗaki a gidansa, har da sabon gado, ya aike ni in sauko da ita. Na hau ina haki, na isar da saƙo. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ki gaya masa ba inda za ni sai ya hau da ƙafarsa ya tsaya a tsakar gidan nan. In bai hau ba, su rushe da ni a ciki."

"Haba Gwaggo, kin san jikinsa."

"Ni na haife shi, na san jikinsa. Halas."

Duk wanda ya san Gwaggo ya san in ta ce halas magana ta ƙare. Ranar Mukhtaru bai yi gwaji ko ɗaya ba, abin da ya sa muka gane hankalinsa ya tashi da gaske.

Washegari Hanan ta kai shi asibiti. Likita ta ɗora shi a ma'auni, ta dubi allurar ma'aunin, ta dube shi, ta ce ya sauka ya sake hawa. Daga nan ta rubuta masa allurar nan ta rage ƙiba da ake yi sau ɗaya a mako, wadda duk garin ake zancenta. Suka tafi kantin magani. Mai kantin ya ɗauko ɗan kwali daga firji ya tambaye shi, "Fi ta'amin?" wato ko yana da inshorar lafiya. Mukhtaru ya miƙa katin da yake da shi, irin na cika takarda, wanda ko maganin mura sai an yi rigima. Mutumin ya danna na'ura, ya girgiza kai, ya faɗi farashi.

"Na shekara ke nan?" in ji Mukhtaru.

"Na wata ɗaya, ya hajji."

"Ya sheikh, rago guda a cikin wannan ɗan abin? Ina ƙahon?"

Ya ajiye kwalin a hankali kamar mai tsoron ya fashe a hannunsa. A hanya ya yi wa Hanan lacca. Ya ce shi ya san sirrin, domin shi ma mai haɗi ne. Yajinsa kaya tara ne, ko wanne ana samu a kasuwa, sunan Mukhtaru ne kawai yake sa ya yi tsada. To wannan allura ma haɗi ce, suna ake sayarwa. A samu mai haɗawa ba tare da sunan ba, shi ke nan.

Mai haɗawar da ya samo shi ne Malam Abdulsalami, wani dattijo Basakkwace mai shagon itatuwa da kayan ƙamshi a Jarwal. Tsakani da Allah dattijon bai yaudare shi ba.

"Ni ba likita ne ba, Mukhtaru, kuma ban haɗa allura. Wanga dai gari ne, filasko da citta da hulba da habbatus sauda da busasshen lemu. Cokali guda cikin ruwan zafi da safe, kuma ka rage ci. In ba ka rage ci ba, kuɗinka ka zubar."

Mukhtaru ya ji rabin farko, rabi na biyu ya bar shi a Jarwal. Ya zo shago da kwalba, ya manna mata takarda ya rubuta "rijim", kalmar da mutanen nan suke kiran rage ƙiba da ita. Ya lakaci garin ya sa a harshe, ya ɓata fuska, ya ce an cuci citta. Filasko ne ya yi ɗaci, sai ya kawo rariya ya tankaɗe ganyen ya zubar. Ya sake ɗanɗanawa, ya ce babu gishiri. Ya sa gishiri. Ya ga ai gishiri ba ya tafiya shi kaɗai, ya ƙara barkono da masoro. Duk da haka garin bai kama jikinsa ba, sai ya daka ƙuli-ƙuli kofi biyu ya zuba. Yanzu kam ya ce magani ya yi. Saura abu guda, irin wannan haɗi ba ya kyau a ruwan zafi, sai ya barbaɗa a kan nama.

Tun da kuwa ya zama magani, tsinken gwaji ya koma biyu. Da Hanan ta yi magana ya ce, "Ɗaya na sana'a, ɗaya na jinya. Kina so in tsallake magani?"

Wata Balarabiya mai sayen siriya ta ga kwalbar, ta karanta takardar, ta ce a barbaɗa mata ita ma. Kafin mako ya zagayo labari ya cika Misfala cewa akwai tsiren da yake rage ƙiba, layi har bakin titi, yawanci mata, kowacce tana cewa wa ƙanwarta za ta saya. Ba zan ɓoye ba, ni ma na saya sau uku. Na san ƙarya ne, amma wallahi yajin ya fi na asali daɗi.

Da wata ya cika ya hau ma'auni da murmushi, ya sauko babu shi. Kilo biyar ya ƙara. Juma'ar nan a mataki na arba'in ya zube, Gwaggo ta leƙo, ba ta ma hango shi ba, katanga ta kare shi. Ta waya kawai ya ji ta ce, "Yau ba ka zo ba ke nan?" Na ji tausayinsa a ranar, na kuma ji haushinsa, domin saura wata biyu kuma shi ya ɓarnatar da na farkon a kan ƙuli-ƙuli.

Hanan ta tisa shi gaba har wurin likita, kwalbar na cikin jakarta. Likita ta buɗe, ta shinshina, ta yi atishawa uku, ta lakata a yatsa. Sai ta tambaya a wane lungu shagon yake. Bayan haka ta wanke shi tas. Ta ce da ya dawo ya gaya mata kuɗin sun fi ƙarfinsa, da tuni ta nuna masa hanya. Ta rubuta wata takarda zuwa wani kantin magani mai izinin haɗawa, inda za su haɗa masa ƙwayoyi daidai jikinsa a farashin da talaka zai iya. Ta ce maganin bai kai allurar ƙarfi ba, kuma ba sihiri ba ne, sai ya haɗa da tafiya da barin gwaji.

Maganin ya zo a farar roba, babu sunan kamfani, sai sunan Mukhtaru da aka rubuta da biro. Wannan ya burge shi ƙwarai. Ya zaro ƙwaya ɗaya zai ɓare ya ji abin da suka rage, Hanan ta buge masa hannu. Daga ranar robar ta koma cikin akwatinta, ita take jefa masa a baki, ta tsaya har ya haɗiye, ta ce ya buɗe ta gani. Aikin gwaji kuwa ni na sadaukar da kaina na karɓa, don zumunci. Abin da ya ragu daga jikinsa, kusan rabi a jikina ya sauka.

Kullum bayan sallar asuba sai ya tafi Nakkasa ya ƙara mataki biyu ko uku a kan na jiya. Wata rana ya ci gaba, wata rana ya koma baya ya zo yana zagin wanda ya fara gina gida a kan dutse, wato kakansa. Kilo takwas ya sauke gaba ɗaya. Wanda bai san shi ba ba zai ce ya rame ba. Da ya rage kwana uku wa'adi ya cika, mataki ɗari da talatin ne iyakarsa.

Washegari na bi shi da kujerar roba a ka, Hanan da gorar ruwa. Gidajen da muka yi wasa a cikinsu duk sun zama tarin bulo, nan ƙofa a tsaye babu gida, can tukunya a kife. Duk mataki ashirin sai na ajiye kujera ya zauna, na yi masa tsiya don kada ya yi tunanin komawa. Daga ɗari da hamsin tsiyar ta ƙare mini, domin fuskarsa ta canza kuma tsoro ya kama ni. Na ce ya haƙura, mu nemo maza su ɗauko ta ko tana so ko ba ta so. Ya girgiza kai. Goman ƙarshe da hannu da gwiwa ya hau su.

Muka tarar da Gwaggo zaune a kan akwati, kayanta duk a ɗaure, ƙura har ta kwanta a kan ƙunshin. Ashe tun makon farko ta shirya. Ta bar shi ya gama haki, sannan ta kama hannunsa ta ja shi bayan ɗaki, gefen tankin ruwa, ta nuna masa wani ɗan wuri da aka shafe da tsohon siminti.

"Ka ga nan? Nan babanka ya binne cibiyarka. Dutse ne, babu ƙasa, da guduma ya wuni yana fasawa, Larabawa suna yi masa dariya. Jibi mota za ta kwashe shi ta zubar inda ban sani ba. Na ce ba za a kwashe ba sai ka tsaya a kai."

Mukhtaru ya tsaya a kan simintin, ƙafafunsa suka rufe shi gaba ɗaya. Ya buɗe baki zai yi magana, sai kuka ya ƙwace masa, ƙaton mutum, irin kukan da ban taɓa jin ya yi ba ko ranar da aka binne babansa. Ni ma na yi, Hanan ma ta yi. Gwaggo ta bar mu muka yi mai isarmu, sannan ta yafa mayafinta, ta ja ƙofar da za a rushe jibi ta kulle, ta sa makullin a hannunsa.

"Yalla, mu tafi," in ji ta. "Ka bi a hankali, ina riƙe da kai."